Wa ya shanye ruwan dodon koɗin Pețea?

A majalisarmu ta bayan sallar isha'i wani matashi ya karanto mana labari daga wayarsa. Wai a ƙasar Romaniya malaman jami'a sun yi shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kan wani ɗan dodon koɗi, ƙarshe ya ƙare suna ji suna gani, har biyu daga cikinsu suka rubuta masa ta'aziyya a wata mujallar masana. Wuri ya kaure da dariya. Wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji aikin ƙoshi ko? Mu nan muna neman tsari da shi saboda tsargiya, su can suna yi masa zaman makoki."

Ban ga laifin Baba ba, don ya taso a ƙauyen da yaro ke fitsarin jini a ce girma ne ya zo masa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne duk cikinmu babu wanda ya tambayi me ya kashe wannan halitta. Annoba ba ta faɗa mata ba, ba wanda ya zuba mata guba. Marmaron tafkin Pețea da take rayuwa a cikinsa ne ya ƙafe, bayan otal-otal da gidajen wanka na kewaye sun yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse suna janye ruwan ta ƙarƙashin ƙasa.

Ra'ayina shi ne ya kamata hukumomin Romaniya su taka wa masu jan ruwan nan burki tun da wuri, ko da hakan zai sa wasu otal-otal su rage yawan kwamin wankansu. Duk hukumar da ta ce tana kare wata halitta ta ruwa, alhali ta kasa sa awo da iyaka a kan masu ɗibar ruwan, yaudarar kanta take yi. Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi.

Abin da ya faru

Tafkin Pețea yana arewa maso yammacin Romaniya, a gundumar Bihor, 'yan kilomitoci daga birnin Oradea, kusa da iyakar Hangari. Ɗan ƙaramin wuri ne, duk gandun da aka keɓe bai wuce hekta 4 ba. A da, ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa da ɗuminsa, wajen digiri 30, ko da tsakiyar hunturu ne ƙanƙara ta rufe ko'ina. Wanda ya taɓa shiga marmaron Wikki a Yankari ya san irin ɗumin da nake nufi.

Halittu uku suka sa wurin ya yi suna. Akwai bado mai farin fure, ɗan'uwan wanda muke gani a fadamunmu, wanda abin mamaki ne a same shi yana tsirowa da kansa a ƙasar sanyi. Akwai wani ƙaramin kifi da ba a san shi a wani ruwa ba sai nan. Sai dodon koɗin da masana ke kira Melanopsis parreyssii, wanda aka fara rubuta bayaninsa a 1847. Tsawonsa santimita 1 zuwa 2 ne, katantanwarsa mai tsini ce mai gurza-gurza, kuma wannan tafki shi kaɗai ne mazauninsa na asali a duniya.

Ta fuskar takarda babu abin da ba a yi wa wurin ba. Tun 1932 aka ayyana shi gandun da doka ta kare. Da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, aka sa shi cikin jerin wuraren kariya na Natura 2000. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa dodon koɗin a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa. Gidan tarihi na Oradea ne aka damƙa wa kula da gandun.

A ƙarshen 2011 babban idon ruwan ya daina ɓulɓulowa. Aka jawo bututu daga wata rijiya ana yi wa tafkin ƙari, bai wadatar ba. Zuwa 2014 abin da ya rage ɗan kududdufi ne a tsakiyar taɓo. Daga 2015 masu bincike suka nemi mai rai a tafkin suka rasa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sama yana sauka a tsaunukan Pădurea Craiului, ya tsiyaye ta tsagogin dutsen farar ƙasa zuwa can ƙasa inda akwai zafi, ya ɗumama, sannan nauyin wanda ke bayansa ya turo shi sama. Duk rijiyoyin garuruwan shaƙatawa na Băile Felix da Băile 1 Mai daga wannan rumbun ruwa suke sha. Ƙwarya ɗaya ce kowa ya tsoma ludayinsa. In ɗiba ta fi zuba yawa, ƙarfin turowar sai ya ragu, kuma wanda zai fara ɗaukewa shi ne idon ruwa na Allah da Annabi, tunda shi ba shi da injin ja. Mai otal zai ƙara zurfin famfonsa ya ci gaba da harka. Marmaro ba shi da wannan dabara.

"Ai shi ke kawo tsargiya"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kama hankalin Bahaushe, kuma ba banza ba. Najeriya na kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Tsutsar cutar ba ta iya kammala rayuwarta sai ta shiga jikin dodon koɗi: ƙwai ya fita a fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai dashen shinkafa. Wanda ya san wannan, da wuya ka sa shi tausayin katantanwa.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Nau'in dodon koɗin ruwan daɗi da masana suka rubuta sun kai wajen 4,000. A Afirka, dangi biyu ne ke ɗaukar tsargiyar ɗan'adam: Bulinus mai ɗaukar ta mafitsara, da Biomphalaria mai ɗaukar ta hanji. Na Pețea ba ya cikinsu, ko kusa. Shi a cikin ruwa yake numfashi kamar kifi, yana da ɗan murfi da yake toshe bakin katantanwarsa. Waɗancan biyun ba su da murfi, suna iya shaƙar iska, shi ya sa suke jure ruwa mai datti wanda ba ya gudu.

A nan ne maganar take da daɗin dubawa. Dodon koɗin da ke ƙarewa a duniya, akasarinsu masu zaɓen wurin zama ne: wannan sai marmaro ɗaya, wancan sai kan duwatsu inda kogi ke gudu da ƙarfi. Masu ɗauke da cuta kuwa ba su da tsada. Ka ba su ruwa kwantacce mai ciyayi, bakin dam ko magudanar ban-ruwa, sun samu gida. Saboda haka sau da yawa aikin da ya kashe mai wuyar samu shi ne ya buɗe wa mai cutar ƙofa.

Dubi kogin Sanagal. A 1986 aka kammala madatsar Diama don hana ruwan gishiri hawowa. Akwai wani babban jatan lande na kogi da ke cin dodon koɗi, amma ba ya hayayyafa sai ya gangara inda ruwan daɗi ya gauraya da na teku. Madatsar ta tare masa hanya, ya yi ƙaranci a saman kogin. Ruwa ya kwanta, ciyayi suka yi yawa, mai cin dodon koɗi ya tafi. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard-Toll, inda a da ba a san ta ba, kuma cikin 'yan shekaru ta kama mafi yawan mutanen garin. Daga baya masu bincike suka gwada mayar da jatan landen a wata mashaya ta ƙauyen Lampsar, aka ga dodon koɗi masu ɗauke da cutar sun ragu.

A Gana ma bayan madatsar Akosombo ta haifar da tafkin Volta a shekarun 1960, tsargiyar mafitsara ta yi tashin gwauron zabo a ƙauyukan bakin ruwa. A kudancin tafkin Malawi kuwa masana sun danganta ƙaruwar cutar da kamun kifi fiye da kima, don an kwashe kifayen da ke cin dodon koɗi.

Mu ma a nan mun ga ɗan'uwan wannan. Bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa fadamar Haɗeja da Nguru, kachala ta mamaye magudanai, ta toshe hanyar ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen da ke cin hatsi da kuma dodon koɗi. Ban ce kada a gina dam ba. Kanawa da ruwan Tiga da Challawa suke sha, manoman Kadawa da shi suke noman rani. Ina cewa ne ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya ƙi jinin tsargiya ya fi kowa cancantar ya damu da yadda ake taɓa ruwa.

Ko wajen yaƙi da masu cutar ana buƙatar wanda ya iya bambance su. Maganin feshi da ake zuba wa ruwa don kashe dodon koɗi ba ya tambayar dangi, har kifi yake kashewa. Masanin da ya san wane ne wane shi zai ce a fesa a mashayar nan, a ƙyale waccan.

"Mutane na neman abinci, kai kana zancen katantanwa"

Wannan ma magana ce ta gaskiya. Băile Felix na cikin manyan wuraren jinya da shaƙatawa na Romaniya. Tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi na zuwa su jiƙa jikinsu, kuma dubban iyalai da wannan harka suke ci: mai share ɗaki, mai dafa abinci, direban tasi, mai sayar da tsaraba. Romaniya ba ta cikin ƙasashen Turai masu kuɗi, 'ya'yanta da yawa ci-rani suke tafiya Italiya da Sifen da Jamus. Wanda ya ce a rufe otal saboda dodon koɗi, jifa zai sha, kuma ba ni cikin masu cewa a rufe.

Tarihin wurin ma ya nuna ba a buƙatar rufewa. Tun 1885 aka haƙa rijiyar ruwan zafi ta farko a Felix, mai zurfin mita 51, kuma ita ce ta farko a ƙasar baki ɗaya. Fiye da shekara ɗari ana wanka, ana jinya, ana karɓar kuɗi, marmaron Pețea bai ɗauke ba. Matsala ta taso ne bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, lokacin da ƙananan masaukai suka yi ta tsirowa, kowa na son kwamin ninkaya a bayan gidansa da ruwan zafi na ɗumama ɗakuna. Wasu da lasisi suka haƙa, wasu a ɓoye. Gardamar ke nan a kan adadi take: lita nawa rumbun ke samu, lita nawa ake cirewa.

Kuma wa ya fi asara in rumbun ya gaza? Masu otal ɗin ne da ma'aikatansu. Jarinsu kaf a kan ruwan nan yake. Ƙafewar marmaro ita ce sanarwa ta farko cewa an fara cin uwar kuɗi. Da masu harkar sun yi dogon tunani, su ya kamata su riga malaman jami'a ihu, su nemi a sa wa kowa mita, a toshe rijiyoyin sata. Sai dai kowa yana lissafin cewa in ya rage, maƙwabcinsa ne zai ƙara. Irin wannan lissafi ba ya warwaruwa da wa'azi ko roƙo. Dole sai wata hukuma ta tsaya a tsakiya da sanda.

Dabarun rage ɓarna kuwa ba sabbi ba ne. A kewayen birnin Paris tun 1969 ake ɗumama gidaje da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ta hanyar rijiya biyu: ɗaya ta jawo, a cire zafin, ɗaya ta mayar da ruwan inda ya fito. Ruwan da mutane suka yi wanka a ciki ba a mayar da shi haka nan, amma wanda aka ja don ɗumama ɗaki kawai ba shi da dalilin ƙarewa a kwata. Akwai tsada, gaskiya ne. Tsadar ce ake gudu, sai aka bar ta a kan wanda ba shi da lauya.

Wani abu da ke ba ni haushi a irin wannan muhawara shi ne yadda ake fakewa da talaka. In an ce "mutane ne gaba da dabba", tambayi waɗanne mutane. Mai share ɗaki ba ta haƙa rijiya ba. Baƙon da ya zo daga nesa ya ga badon da ake buga hotonsa a katin gaisuwa, shi ma mutum ne, kuma kuɗinsa na shiga aljihun gari.

"To a kwashe su a zuba a akwatin gilashi mana"

An gwada. Da tafkin ya fara janyewa, ma'aikatan gidan tarihi da masana daga Hangari sun kwashi kifin da dodon koɗin zuwa akwatunan kiwo. Kifin ya karɓi sabon gida, ya hayayyafa, har gidan zu na Schönbrunn da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, ya shiga cikin masu riƙonsa. Dodon koɗin bai yi haka ba. Ba a samu irin hayayyafar da za ta riƙe zuri'arsa ba.

Ba abin mamaki ba ne. Halittar da ta yi dubban shekaru a marmaro ɗaya ta saba da komai nasa: ɗumin da ba ya sauyawa, ma'adinan da ke narke a ruwan, irin gansakukar da ke kan duwatsu da ganyen bado wadda take kankara ta ci. Kana iya saita zafi da na'ura. Sauran abubuwan kuwa sai an yi shekaru ana nazari kafin a gane su, kuma nazarin ana yin sa ne tun dabba tana da yawa, lokacin da in goma sun mutu a gwaji ba a yi asara ba. A Pețea sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka fara.

A Kudancin Amurka an ga irin haka. Kafin a cika madatsar Yacyretá da ke kan kogin Paraná tsakanin Ajantina da Faraguwai, a farkon shekarun 1990, masana sun tsinci dodon koɗin dangin Aylacostoma daga duwatsun da ruwa zai shanye. Nau'i biyu daga ciki yau babu su a kogi, babu su a akwati. Wani nau'in ya rayu a hannun jami'a da gidan tarihi, amma guraren ruwa mai gudu da ya saba da su suna ƙarƙashin tafki.

Ko da kiwon ya yi nasara, ina za a mayar da su? Kifin Pețea yana raye a gilashi, gidansa na asali kuwa ya lalace. Riƙon zai ci gaba ne muddin akwai wutar lantarki, da kasafin kuɗi, da ma'aikacin da bai gaji ba. Ni ban raina wannan aiki ba, masu yinsa sun cancanci yabo. Amma yana da wata illa ta siyasa: yana ba jami'in gwamnati abin faɗa. Sai ya ce "mun ceto su", ya nuna hoton akwati, a bar zancen famfo.

Ga abin da ya yi aiki. A jihar Alabama ta Amurka, madatsun wutar lantarki da aka jera a kogin Coosa daga 1914 zuwa shekarun 1960 sun shafe nau'in dodon koɗi fiye da 30, har da wani dangi sukutum mai suna Gyrotoma. Wani babba mai suna Tulotoma magnifica an ɗauka shi ma ya tafi, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka gano ragowarsa. A 1991 aka sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa. Babban abin da aka yi masa shi ne an wajabta wa kamfanin wutar ya riƙa sakin wani adadi na ruwa a kowane lokaci a ƙasan madatsar Jordan, maimakon ya rufe ruf in ba ya buƙatar wuta. Ruwa ya dawo kan duwatsu, dodon koɗin ya yaɗu. A 2011 aka sauko da shi zuwa rukunin da bai kai wancan haɗari ba. Kamfanin bai rushe ba, mutanen Alabama ba su kwana a duhu ba.

A shekarar da aka sassauta wa Tulotoma, a ita ce marmaron Pețea ya ɗauke. Can an samu hukumar da ta iya ce wa mai ƙarfi "saki ruwa kaza" ya saki. Nan an samu allon sanarwa da shinge.

Fari ne, ko kwana ne ya ƙare?

Wasu sun ɗora laifin a kan fari, kuma lallai Romaniya ta yi fama da ƙarancin ruwan sama a 2011 da 2012. Fari ya taimaka. Amma katantanwar kakannin wannan dodon koɗi tana jibge a cikin lakar tafkin, hawa-hawa, ta dubban shekaru. Masana sun tono ta sun ga yadda siffarta ta riƙa sauyawa daga mai santsi zuwa mai gurza-gurza. Zuri'ar da ta daɗe haka ta ga fari iri-iri ta wuce. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne fari a sama, injin ja a ƙasa. Kuma in shekara ta zo da ƙarancin ruwa, ai lokacin ne ya kamata a rage ɗiba.

Masu cewa kowace halitta da ajalinta, gaskiya suka faɗa, amma ba a nan ake kawo ta ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta gaya mana dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an yi wa wani Annabi gyara saboda ya sa an ƙone gidan tururuwa don guda ɗaya ta cije shi, aka ce ya halaka al'umma mai tasbihi. Gida ɗaya ke nan na tururuwa, ga sauran tururuwa cike da duniya. Ina ga a shafe nau'i gaba ɗaya saboda kwamin ninkaya?

Me ya tsinana wa wani?

Ba zan yi ƙaryar cewa akwai maganin kansa a jikinsa ba. Masu kare halittu kan yi irin wannan alkawari don su ja hankali, ni kuwa ina ganin yana rage musu daraja. Aikinsa a tafkin shi ne kankare gansakuka da cin ruɓaɓɓen ganye, shi ma wasu su ci shi. Da ya tafi, farashin burodi bai motsa ba a Oradea.

Amfaninsa ga mutum shi ne shaida. Halittar da ba ta iya ƙaura, ba ta iya jure sauyi, kasancewarta raye na nufin ruwan na nan yadda yake. Rahoton injiniya ana iya murɗa shi, ana iya sa shi a durowa. Dodon koɗi ko yana nan ko ba ya nan, kuma ɗalibin sakandare ma zai iya ƙirga shi.

Bayan wannan, ni ban yarda sai abu ya biya haraji kafin a bar shi ya rayu ba.

Inda abin ya shafe mu

Ba dodon koɗin Romaniya ne zai hana mu barci ba. Salon mutuwarsa ne muka sani. A Borno, rijiyoyin da aka haƙa a kwarin tafkin Chadi tun wajen 1960 da kansu suke feso ruwa ba inji. Aka bar da yawansu a buɗe dare da rana, ƙarfin turowar ya yi ta raguwa, wasu suka daina fesowa. A unguwannin Kano da dama, magidanci ya san abin da ke biyo baya in maƙwabci mai hali ya kira masu burtsatse: rijiyar gidan da aka gada tun kakanni sai ta koma ramin zuba shara, a koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Wanda ba shi da inji shi ke fara rasawa, ko mutum ne ko dodon koɗi.

Tafkin Chadi kansa, wanda ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, yana da nasa ƙananan dodon koɗin 'yan dangin Gabbiella da ke cikin jerin IUCN na masu fuskantar barazana. Ba su da otal a kusa, ba su da masu rubuta musu ta'aziyya.

Doka kuwa muna da ita. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya ikon tsara amfani da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙasa, har da bayar da lasisi. Da aka kawo sabon ƙudiri Majalisar Tarayya a 2018 da 2020, rigima ta tashi, wasu na tsoron ƙwace filayen bakin kogi, wasu na tsoron za a sa wa rijiyar gida haraji. Tsoron yana da tushe, don mun saba ganin doka ta tsallake babba ta sauka a kan ƙarami. Sai dai a cikin hayaniyar an binne tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa ke ƙirga abin da manyan masu ɗiba ke cirewa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A ƙyale mai rijiyar gida da mai kurar ruwa. A fara da waɗanda ruwa ne jarinsu: gidajen fiya wata, kamfanonin lemo, manyan otal, rukunin gidajen haya, gonakin da ke ban-ruwa da burtsatse. Kowannensu a sa masa mita. A kowane yanki a keɓe rijiyar awo wadda ba a jan ruwanta, a riƙa auna zurfinta duk wata, a manna sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai gani. A kuma ja layi tun yanzu, a rubuce: in ruwa ya sauka zuwa zurfi kaza, manyan masu ɗiba za su rage kashi kaza, ba sai an yi taro ba. Wuraren da marmaro ke fitowa da kansa, irin Wikki, a shata musu tazarar da ba a haƙa burtsatsen kasuwanci a cikinta, sannan a ba sassan nazarin halittu na jami'o'in da ke kusa aikin rubuta abin da ke rayuwa a cikin ruwan tun yana gudana.